Kujerar Rietveld da Gadon da Ta Bari a Ɗakunan Zamani

Duk lokacin da na ga kanta ko teburin da aka yi da miƙaƙƙun layuka, babu sassaƙa babu ƙawa, sai na tuna da Gerrit Rietveld, kafintan birnin Utrecht na ƙasar Holan, wanda ya koyi sana'ar tun yana yaro a shagon mahaifinsa. A wajajen 1918 ya haɗa wata kujera da sandunan katako goma sha uku masu kusurwa huɗu, da madafar hannu biyu, da falankai biyu, ɗaya na zama ɗaya na jingina. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya harhaɗa sandunan: maimakon ya fafe ɗaya ya cusa ɗaya a ciki kamar yadda kafintoci suka saba, sai ya bar kowace sanda ta gitta 'yar'uwarta ta zarce kaɗan, ya riƙe su da ƙananan turakun katako, ta yadda ido zai iya bin kowane ɓangare daga farkonsa har ƙarshensa. Sai a wajajen 1923 aka yi mata fentin da aka san ta da shi, wato jan majingina, shuɗin mazauni, baƙaƙen sanduna masu rawayan baki, irin launukan da De Stijl, ƙungiyar masu zane ta su Piet Mondrian a Holan, ta fifita.

Mutane da yawa suna tsayawa kan launukan, amma a ganina manufar ta fi su muhimmanci. Rietveld yana son kayan ɗaki waɗanda inji zai iya yankawa daga katako mai awo ɗaya, su yi araha, har talaka ya mallaka. A 1934 ya fito da kujeru da teburan da aka yi da irin katakon akwatin ɗaukar kaya, ana sayar da su a warwatse, mai saye ya ɗaura da kansa a gida. A Jamus ma, a makarantar koyon zane da ƙira ta Bauhaus, Marcel Breuer ya bi irin wannan tunani a 1925, inda ya lanƙwasa bututun ƙarfe irin na kan keke ya yi kujera da shi.

Abin da ke damuna shi ne, kujerar ja da shuɗi, wadda kamfanin Cassina na Italiya ke ƙerawa tun shekarun 1970, ta koma kayan masu hannu da shuni, ana ajiye ta a lungun falo don kallo. Magadanta na gaskiya su ne kantoci da teburan da kamfanoni irin su IKEA ke sayarwa a cikin kwali tare da takardar bayanin haɗawa, da kuma falon da aka rage wa tarkace aka bar fili da haske, kamar benen gidan Schröder da Rietveld ya gina a Utrecht a 1924, inda ake tura bangaye gefe da rana ɗakuna su zama fili guda.