Asabar a gonar dabbobi, da jakin nan mai miki a baya

Yau dai na cika alƙawarin da na daɗe ina yi wa yaran nan, tun da aka ba su hutu suke damuna da Mama yaushe za mu je mu ga jimina. Maƙwabciyata ce ta ba ni labarin wajen, wata 'yar gona ce a bayan gari idan an bar Kano an miƙi hanyar Zariya, ana biyan kuɗin shiga yara su taɓa dabbobi su ba su abinci da hannunsu su hau jaki a zagaya da su. Mun isa wajen sha ɗaya da rabi, ni da yarana uku da ɗan ƙanwata, rana kuwa ta riga ta buɗe, zafin Afrilu da ya saba kai digiri 40 a garin nan.

Gaskiya da farko na ji daɗi. Auta da ko akuya bai taɓa shafawa ba sai ga shi ya miƙa wa wata 'yar tunkiya harawa, da ta lashi tafin hannunsa ya ƙyalƙyale da dariya har da zama a ƙasa. Akwai zabi da agwagi da talotalo, ga ɗawisu ɗaya da ya ƙi buɗe jela duk roƙon da yara suka yi masa. Jiminai biyu ne, babbar 'yata ta tsaya tana ƙirga musu yatsu, wai Mama biyu ne kawai a kowace ƙafa, nace mata haka Allah ya yi su. Yaron da ke kula da wajen ya ɗauko mana ɓawon ƙwai ɗaya muka riƙe, cikakken ƙwan jimina yakan kai kilo ɗaya da rabi kuma sai ya yi kwana 42 kafin ya ƙyanƙyashe. Amma tsuntsuwar da ke iya gudun kilomita 70 a awa ce aka killace a wajen da bai fi tsakar gidanmu ba, sai kai da kawowa take yi a jikin waya, ta je ta dawo ta je ta dawo, ƙasan wajen har ya yi rami saboda sawunta.

Wajen zomaye ne raina ya fara ɓaci. Kejinsu na ƙarƙashin rufin kwano ne, sun miƙe a kwance suna numfashi da sauri, kwanon ruwansu a bushe ƙayau har ƙura ta kwanta a ciki. Zomo ba ya gumi irin namu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma zafi na wuce digiri 30 ya fara wahala. Ina tsaye wani yaro ya finciko ɗaya ta kunnuwan nan ya ɗaga shi sama babansa na ɗaukar hoto a waya, zomon na ta shure-shure. Nace dan Allah Alhaji a tallafo shi ta ƙasa, ƙashin bayansa ba ƙwari gare shi ba, shurin nan kaɗai yana iya karya shi. Ya kalle ni yace Hajiya ai haka ake kama zomo tun kaka da kakanni, amma dai ya sa yaron ya sauke.

Sai jakin. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan shi nake gani. Layin yara ya kai ashirin, wannan ya sauka wancan ya hau, wani lokacin bibbiyu ake ɗorawa, babu rumfa babu hutu, kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe gaba har tafiyar tasa ta canza. Da layi ya zo kan ɗan ƙanwata na sa hannu zan gyara akumarin, ina ɗagawa sai ga miki ɗanye kamar faɗin tafin hannuna, ƙudaje sun tashi buu, tsumman da aka shimfiɗa ya manne da wajen. Nace a sauke min yaro, ba zai hau ba. Yaro ya fashe da kuka, ni ma sai da idona ya kawo ruwa.

Mai jan jakin ba zai wuce shekara sha shida ba, shi ma leɓensa duk ya tsattsage. Nace ɗan nan ba ka ga bayansa ba ne, yace Hajiya na gani, na faɗa wa oga tun satin da ya wuce, ance ranar hutu ce ake samun ciniki a bari sai an watse. Ban iya yi masa faɗa ba. Na tuna hadisin nan na Abu Dawud, raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Manzon Allah (SAW) a gonar wani mutumin Ansar, Annabi ya shafa shi ya nemi mai shi ya ce ya ji tsoron Allah game da dabbar, domin ta kai ƙarar yana barinta da yunwa yana wahalar da ita. Tun muna Islamiyya muke jin sa, yau na ga irinsa da idona. Kakata kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kai loma baki da safe ba sai ta leƙa turke ta ga an zuba ruwa da dusa.

Na sayi jakar fiya wata biyu a bakin ƙofa, yaran suka dinga fasawa suna juyewa a kwanon zomaye, sauran muka zuba a bokiti, jakin ya sa baki bai ɗago ba sai da ya ga ƙasan bokitin. Na nemi manajan wajen na faɗa masa abin da na gani, ya saurare ni da mutunci, ya ce tanki ne ya ƙare tun safe kuma za a duba jakin. Famfon wanke hannu ma babu ruwa, alhali yaran sun shafa kunkuru da 'yan tsaki, su kuwa suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa, sai da muka dawo gida na wanke kowa da sabulu kafin su ci komai.

Bayan isha'i na kira ƙanin babansu, likitan dabbobi ne, yace mikin akumari yana warkewa in an wanke an sa magani an daina ɗora masa komai har fatar ta rufe, kofato kuma a yanke. Ya yarda zai bi ni ranar Litinin, na riga na tura wa manajan saƙo ya amsa da to. Auta yace shi ma da shi za a je, ya ajiye karas biyu a jakar makarantarsa.