Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gidan da Na Gina a Bakin Butar Shayi

Makon jiya na tsaya a inda muka kwashe komatsanmu daga Sabon Gari muka koma haya Garin Malam, duk a cikin garinmu Damagaram, wato Zinder, ɗaki ciki da falo da ɗan tsakar gidan da tabarma uku ke cinyewa. Lokacin ina ɗinki kusa da Kasuwar Dole, keken ma ba nawa ba ne. Ranar Alhamis, da yake ita ce ranar kasuwa, nakan samu abin da zai kai mu Lahadi. Sauran kwanakin sai yadda Allah ya yi.

A bazarar wannan shekara aka yi wata hira a fadarmu da har yau ba ta bar kaina ba. An ɗauke kuran tun magariba, ɗaki ya ƙi shiguwa don zafi, muka baje gindin dogon yaro, buta na kan gawayi. Ana jiran shayi na biyu sai ɗan kabu-kabun cikinmu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce: "Yau a ce an sauke wa kowa buhun sefa, ba ƙirge ba awo, a ina zai gina gida?"

Bai jira kowa ba ya amsa wa kansa. Shi Yamai zai nufa, unguwar Filato, bene hawa uku yana kallon kogi. Wani da ya taɓa zuwa Libiya ci-rani ya ce shi ƙasar ma zai bari, Dubai zai tare, inda ko gumi sai mutum ya biya kuɗi ya yi. Mushen lakwal da ke zama da mu ya zana nasa a ƙasa da tsinke: bayan gari, katanga mai tsawo, wurin ajiye mota biyu, ɗakin littattafai. Babbanmu kuwa, mai jan mu salla, ya ce a ba shi ɗaki ɗaya tak a Madina inda zai riƙa jin kiran salla daga Masallacin Annabi, ya yafe sauran. Kowa ya ce amin, don wannan ba a ja da shi.

Da aka zo kaina na ce Birni, tsohuwar unguwar garinmu.

Dariya har da masu riƙe ciki. "Birni? Lungun da ko amalanke sai ta karkace take wucewa? An ba ka duniya ka ce a mai da ka gidan ƙasa?" Na bar su suka gama, don ba su san abin da nake gani ba.

Kakana magini ne, a Birni aka haife shi, a can kuma na yi wayo a hannunsa. Gidansa da hannunsa ya ɗora shi. Tubali ne, irin mai kai kamar kwaɓaɓɓen ƙwai, da ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a murza. Kaurin bangon zaure a gindi, in na kwanta a kai ina yaro ba na faɗuwa. Rufin kuma azarar giginya ce, wadda gara ba ta iya wa, an ɗaure ta bakan gizo, ta tashi daga bango ta haɗe a tsakiya ba ginshiƙi ko ɗaya. A waje an shafe da makuba, ga zankwaye a kusurwa kamar kunnen zomo, ga dagi a saman ƙofa da shi kansa ya zana da yatsa tun ƙasa na ɗanye. Azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Damagaram, in ka shiga wannan zaure sai ka ji kamar an tsoma ka cikin randa. Kaka yakan nuna gidajen kwano da sandarsa ya ce, "Jikana, waɗancan ba gidaje ba ne, tanda ce, masa kawai ya rage a zuba."

A zauren nan nake jin tarihi. Yadda Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera bindigogin igwa a garin nan. Yadda fatake daga Tarabulus ke sauka Zango, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu na alfarma. Yadda Faransawa suka shigo a 1899, suka mai da Zinder babban birnin ƙasa, kafin su ɗauke kujerar zuwa Yamai a 1926. In ya zo nan sai ya yi tsaki ya ce rashin ruwa ne ya kore su. Ni dai a lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Gidan ƙasa yana da sharaɗi guda: yaɓe kafin damina, da gyaran indararo. Kaka na raye ba a taɓa tsallake shekara ba. Da ya rasu, magada suka yi yawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya sayo ƙasa ya kira magina. Damina biyu aka yi haka, ta uku soron ciki ya zauna cikin dare, Allah ya tsare ba kowa a ciki. Daga nan aka ce a sayar a raba. Wanda ya saya ya rushe zauren ya ɗora bulo da kwano. Rabon mahaifina bai kai ya sayi fili ba, shi ya sa na tashi a haya, na yi aure a haya. In na bi ta lungun yanzu sauri nake ƙarawa.

To wannan gida nake so in mayar, daidai yadda yake, in ƙara masa faranti masu jan wuta daga rana a bayan zankwaye yadda ba za su ɓata fuskar ginin ba.

Sai wajen ƙarfe biyu na dare muka watse. Na iske maiɗakina zaune kan turmi a bakin famfo, jarkoki shida jere a gabanta, ta buɗe kan famfon tana sauraron iska na fita. Duk matar da ta yi bazara a Damagaram ta san wannan zama. Garin a kan dutse yake, waɗannan manyan duwatsun da baƙi ke ɗaukar hoto su ne a ƙarƙashinmu ma, rijiya ba ta cika samun ido ba. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arungusa, kafin ya kai lungunmu ya gaji. In bai zo da dare ba, da safe sai ƴan ga-ruwa, su kuma bazara ce kakarsu.

Na zauna kusa da ita ina ba ta labarin hirar, ina zuba mata bakan gizo da dagi. Ta bari na gama sannan ta ce, "Maigida, a cikin wannan gida naka ina famfo?"

Na yi shiru, don wallahi ban sa shi ba. Na gina zaure, na gina soro, na zana ƙofa, ban tuna da abin da ya hana matata barci ba.

Ita ƴar Mirya ce, ta tashi cikin garake, inda yaro ke wanka a bakin rijiya ba mai yi masa faɗa. Ta ce ita in kuɗi ba matsala ba ne, ba ta neman bene. A ba ta famfon da zai zuba da rana tsaka, tanki a sama, madafi mai inuwa, da gindin mangwaro guda da za ta riƙa ba ruwa ba tare da ta ƙirga kofi nawa ta zuba ba. Unguwa kuma duk wadda aka ga dama, in dai maƙwabta na gaisawa, kuma yara za su je lakwal da ƙafa.

Muka zauna muna haɗa nawa da nata. Ta yarda da bangon ƙasa, na yarda da tanki. Ta ce ƙasan ɗaki dai siminti, ba za ta yi daɓe ba. Ina cikin jin daɗi na ce bayan shigifa za a yi ɗakuna huɗu a jere, kamar yadda Kaka ya yi.

Ta juyo ta dube ni a hasken tocila. "Huɗu? Na su wa?"

Kafin in samo amsa famfon ya yi tari ya fara ɗiga, na yi wuf na tura jarka ƙarƙashinsa, ban sake ɗaga kai ba har ta cika. Maganar ɗakunan nan sai da ta dawo mini bayan shekara biyu, ranar da na kai ta ganin filin da na fara biyan kuɗinsa a hanyar Tanut. Abin da muka tarar a filin, da wanda muka tarar yana haƙa tushe a ciki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.