Daga Passau zuwa Biyana a kan keke

Tsakanin Passau, garin Jamus da ke kan iyaka, da Biyana babban birnin Ostiriya, akwai kimanin kilomita 320 idan aka bi bakin kogin Danub. Duk wanda na gaya wa cewa da keke na yi tafiyar sai ya ɗauka wata bajinta ce. Alhali tsofaffi masu furfura da yara 'yan firamare sun cika hanyar, wasu ma wuce ni suka riƙa yi suna hira.

Sauƙin yana da dalili. Kafin zuwan jirage masu inji, dawakai ne ke jan jiragen kaya su haura kogin, suna tafe a wata siririyar hanya da ke gaɓa. Ita aka gyara aka shimfiɗa wa kwalta, aka haɗa da bangon madatsun ruwa na lantarki, ta zama hanyar masu keke. Wani yanki ce na doguwar hanyar EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar Atlantika a Faransa ta dire a Baƙin Teku a Romaniya. Daga yamma ake fara ta a nufi gabas, domin ka bi ruwa ka gangara, iska kuma yawanci tana bayanka.

A Passau koguna 3 ke haɗuwa, Danub da Inn da Ilz, kowane da launin ruwansa. Amma bangon majalisar garin ya fi tsaya mini a rai, inda aka zana iyakar da kowace ambaliya ta kai. Ta 2013 ta kai mita 12.89, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga layin, ta 1501 kuma tana samanta. Tun daga nan na riƙa tambayar halin kogi kowace safiya, domin idan ya cika akan rufe wasu sassan hanyar.

Ƙafa ba ta ba ni wahala ba. Sirdi ne ya gwada mini iyakata. Da tafiya ta yi nisa, zama ya koma azaba, tafin hannu kuma ya riƙa sagewa. Gajeren wando mai soso da safar hannu suka cece ni, sai na ɗora dogon wando a kai, ba wanda ya san abin da ke ciki. Kilomita 50 zuwa 60 a wuni ya ishi mai son ganin gari. Kayan faci da famfo da tub na gefe kada su bar jaka, ko da yake garuruwan kusa suke da juna.

Babban lissafin tafiyar shi ne wace gaɓa za ka bi. Kusan ko'ina akwai hanya hagu da dama, amma ba ɗaya suke ba: nan inuwa, can rana, nan shiru, can gefen titin mota. A Schlögen, inda kogin ya ci karo da dutse ya yi kwana ya juyo baya, hanyar gaɓar arewa ƙarewa take yi ƙurmus, dole sai fito. Ɗan jirgi ne na katako mai rumfa. Mai fiton ya jera kekunanmu kai da ƙafa, ya karɓi kuɗinsa a hannu, ya tsallakar da mu cikin 'yan mintuna ba tare da ya ce uffan ba. Waɗannan jiragen suna tashi aiki da yamma, wanda ya makara kuwa sai ya koma neman gada mai nisa. Saboda haka sammako nake yi, in ajiye tsabar kuɗi a aljihun riga.

Ga Musulmi, abinci sai da tambaya. Soyayyen naman nan da mutanen Ostiriya ke alfahari da shi sau da yawa na alade ne, haka tsiran da ke teburin karin kumallo. Kifi da ƙwai da cuku da burodi suka riƙe ni, sai shagunan Turkawa a manyan garuruwa irin su Linz. Akwai wani abin sha mai suna Radler da za ka ga masu keke na kwankwaɗa kamar lemo, to barasa ce aka sirka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sayayyar Asabar ita ce guzuri. Salla kuwa ba ta yi wuya ba: ƙasaru nake yi, ga ciyawa mai tsabta, ga ruwa. Sai dai a tsakiyar bazararsu magariba takan kai ƙarfe 9 na dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai.

Bayan Linz na bar bakin kogi na haura tudun Mauthausen, inda sansanin 'yan Nazi ya yi aiki daga 1938 zuwa 1945. Tura keken na yi, hawan ba wasa. Mutum kusan 190,000 aka tsare a nan da rassansa, aƙalla 90,000 suka mutu. Na tsaya ina kallon matakala 186 da fursunoni ke haurowa daga ramin fasa dutse ɗauke da duwatsu a baya. Masu keke da yawa wucewa suke yi ta ƙasa don gudun tudun. A ganina bai kamata ba.

Kwarin Wachau, daga Melk zuwa Krems, shi ne kitsen tafiyar, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2000. Gonakin inabi ne hawa-hawa a jikin duwatsu. A watan Yuli na iske teburori a ƙofar gonaki, an jera 'ya'yan itacen afirkot da ɗan akwatin kuɗi, babu mai tsaro: ka ɗauka, ka jefa kuɗin, ka wuce. A saman Dürnstein akwai kangon gidan sarauta inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192, yana dawowa daga yaƙi da Salahuddini.

Daga Krems hanyar ta koma miƙaƙƙiya mai gundura, ban da Zwentendorf, tashar nukiliyar da aka gama ginawa amma jama'a suka ƙi ta a ƙuri'ar 1978, ba ta taɓa aiki ba. Na shiga Biyana ta tsibirin Danub, na yi Juma'a a babban masallacin da aka buɗe a bakin ruwa a 1979. Komowa a jirgin ƙasa na yi, kuma a jirage masu dogon zango keke ma sai an kama masa wuri tun da wuri.