Abin da na koya a sashen kula da lafiyar 'yan wasa

A wannan watan na ajiye aikin kula da lafiyar 'yan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka a wata jami'a ta ƙasar, kuma darasin da ya fi tsaya mini a rai ya shafi girgizar ƙwaƙwalwa, raunin da karo ko bugu a kai ke jawowa, wanda sau da yawa hoton asibiti ba ya nunawa, sai ɗan wasa ya buɗe baki ya ce kansa na ciwo, ko yana jin jiri, ko haske na damun idanunsa. Tun 2010 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta wajabta wa jami'o'i tanadar tsarin kula da wannan rauni, ta kuma hana a mayar da wanda ya same shi fili a ranar. Sai dai dokar ba ta aiki sai yaro ya yi magana, shi kuwa fuskar koci yake dubawa tukuna.

Kocinmu bai taɓa cewa wani ya ɓoye ciwo ba, ya fi haka wayo. Wanda ya kawo kansa wurinmu, in ya warke sai ya tarar an ba wani gurbinsa, a taron ƙungiya kuma a yabi wanda ya daure. Ranar da na cire wani matashi daga wasa saboda ya kasa tuna a wane zagaye ake, kocin ya ci mini fuska a gaban mataimakansa, daga nan aka daina sanar da ni idan an sauya lokacin atisaye. Likita ya tabbatar da abin da na gani, amma babu wanda ya dawo ya ba ni haƙuri. Yaran sun ga abin da aka yi mini, kuma a sauran kakar kaɗan ne suka zo da ƙorafin ciwon kai, alhali karo bai ragu ba.

A 2016 manyan rukunonin jami'o'in NCAA suka amince cewa hukuncin ma'aikatan lafiya ba ya ƙarƙashin koci. Wannan daidai ne a takarda, amma gurbin yaro yana hannun koci har yanzu, kuma yaro ya san tallafin karatunsa daga wasan ya fito.

Ga wanda zai gaje ni: ya riƙa rubuta kowane hukunci da lokacinsa. Ya tambayi abokan kwanan yaro, domin su ne ke ganin amai da rashin barci. Ya kuma gaya wa yaran cewa wani bincike a Jami'ar Florida ya nuna masu jinkirin faɗa sun ƙara kusan kwana 5 kafin su koma fili, domin wannan hujjar ce kaɗai na ga kocin ya saurara.