Yadda muka riƙe jama'ar majami'armu a Ingila lokacin fargaba

Bayan harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, ƙungiyar CST da ke kula da tsaron Yahudawan Birtaniya ta ce ta samu rahoton cin zarafi na ƙin jinin Yahudawa 4,103 a shekarar, mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe. Mu da ke kwamitin majami'ar Yahudawa mun ga abin a kan kujeru: tsofaffi suka daina zuwa, har sai an yi ta jira kafin a cika mutum goma da addu'ar jam'i ke buƙata.

Jita-jita muka fara tarewa. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, kowa na tura bidiyo, ya fi labaran talabijin tayar da hankali. Sai muka buɗe wani da mutum uku kaɗai ke iya rubutu a ciki, kuma ba sa fitar da komai sai abin da 'yan sanda ko CST suka tabbatar. Saƙo ba ya wuce layi huɗu: me ya faru, a ina, me za ka yi, yaushe za a sake ji daga gare mu. Layin ƙarshen nan ya fi sauran amfani, domin shiru ne ke haifar da ƙirƙire-ƙirƙire. Ko babu sabon abu, muna rubuta cewa babu.

Waya tana da iyaka a wurinmu. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar, masu kiyaye Shabbat, ranar hutun Yahudawa, ba sa taɓa ta, saƙon gaggawa yana iya kwana ba a buɗe ba. Don haka muka raba gidaje goma-goma bisa titi, kowane rukuni da mai ƙwanƙwasa ƙofa a ƙafa. Masu gadi kuwa suna riƙe da waya a kunne, rabbinmu, wato malaminmu na addini, ya bayyana a fili cewa ceton rai ya rinjayi dokar Shabbat. Dole a faɗi haka tun kafin buƙata, in ba haka ba mutum zai yi jinkirin kiran lambar gaggawa ta 999.

Ƙofa ɗaya ake shiga, a kulle take, mutum biyu ke tsaye: ɗaya a waje yana duban titi, ɗaya a ciki wanda ya san fuskoki. A majami'ar Halle ta Jamus, ranar azumin Yahudawa ta Yom Kippur a 2019, ƙofar katako ce ta hana ɗan bindiga isa ga kusan mutum 50. A majami'ar Heaton Park ta Manchester ma, ranar 2 ga Oktoban 2025, masu ibada sun danne ƙofa maharin bai shiga ba, duk da an rasa rai biyu. Inda ake samun ɓaraka shi ne ladabi: wani ya riƙe wa baƙo ƙofa, ko a tokare ta da kujera saboda zafi. Bayan an tashi kuma, ba a cincirindo a bakin titi, hira a ciki ake yi.

Atisayen fita muna yinsa sau biyu a shekara, da sanarwa tun da wuri. Na ba-zata yana firgita tsofaffi, wasunsu iyayensu sun tsira ne daga kisan ƙare-dangin Nazi. Yara kuwa ana ce musu irin atisayen gobara ne na makaranta.

Wanda aka ga kujerarsa babu kowa Asabar biyu a jere, ana kiransa ranar Lahadi. Ba a ce masa «kada ka ji tsoro», hakan ba ya aiki. Ana tambayarsa ko a zo a rako shi, ko zai kawo challah, burodin da ake ci ranar Shabbat, na mako mai zuwa. Mun lura wanda aka ɗora wa ƙaramin aiki ya fi saurin dawowa. Masu gadin ma ana sauya su bayan awa ɗaya, don su ma su samu shiga addu'a.