Abin da muke koya a sashen kula da gida

Har yanzu 'yan uwa na tambayata wai girki ma sai an je kwaleji? Raina na sosuwa da wannan tambaya.

A aji aka fahimtar da mu dalilin haɗa gero da wake: furotin ɗin hatsi, wato sinadarinsa mai gina jiki, bai cika ba, wake ne ke cike giɓin. Shi ya sa muke soya gero da waken soya da gyaɗa, mu niƙa, a dama kunun yaye. Malamarmu ta hana shan shayi da abinci, domin yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke ɗauka, lemon tsami kuwa ƙara shi yake.

Ɗinki ne mai wuya. Sai mun yanka fasalin riga a takarda, an duba awo, kafin almakashi ya taɓa yadi.