Maki bakwai na Maroko a gasar Eurovision

Ƙasar Afirka guda ɗaya ce ta taɓa hawa dandalin gasar waƙa ta Eurovision, kuma sau ɗaya tak ta hau shi. Ƙasar ita ce Maroko, shekarar kuwa 1980. Mu a nan Tawa mun san Maroko ta hanyoyi da dama: ɗalibanmu suna karatu a jami'o'inta, ƴan'uwanmu na ɗariƙar Tijjaniyya suna zuwa ziyara Fas, matafiya da yawa kuma a Kasabalanka suke sauya jirgi. Amma wannan ɓangare na tarihinta ba kasafai yake shiga hirarmu ba, ko da a bakin matasan da ke bin gasar ta tashoshin Faransa ko ta wayoyinsu, alhali akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

Duk wanda ya ji labarin yakan fara da tambayar abin da ya kai ƙasar Afirka gasar Turawa. Amsar ita ce ba taswira ce ke ba da izinin shiga ba. Gasar, wadda aka fara a 1956 a birnin Lugano na Suwizalan da ƙasashe 7, mallakar ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ce, wadda ake kira UER da Faransanci, kuma yankin watsa shirye-shiryen ƙungiyar ya tsallaka Bahar Rum ya haɗa da arewacin Afirka da wani sashe na Gabas ta Tsakiya. Saboda haka gidajen talabijin na Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Masar, da ma na Labanon da Jodan, duk suna da damar da Isra'ila ta yi amfani da ita ta shiga tun 1973. Nijar ba ta cikin wannan yanki.

Kasancewar Isra'ila a gasar shi ne babban abin da ya tsare ƙasashen Larabawa. Tunisiya ta ba da sunanta a 1977, har an sa ta cikin jerin masu hawa dandali, sannan ta janye. Turkiyya ma ta janye a 1979, shekarar da aka yi gasar a birnin Ƙudus, bayan matsin lamba daga ƙasashen Larabawa. Sai ga shekarar 1980 ta zo da wani yanayi na daban. Isra'ila, wadda ta lashe gasar a 1978 da 1979, ta ce ba za ta iya ɗaukar nauyin shirya ta karo na biyu a jere ba, Holand ta karɓi baƙuncin, ranar da aka tsayar kuma, 19 ga Afrilu, ta faɗa kan ranar da Isra'ilawa ke tunawa da sojojinsu da suka mutu, don haka ba su zo ba. A wannan shekara ce Maroko ta shigo.

Wadda aka aika birnin Hague na Holand matashiya ce haifaffiyar Rabat, Samira Bensaïd, wadda mutanen ƙasarta suka san muryarta tun tana yarinya ta wani shirin talabijin na masu tasowa. Ita ce ta biyar cikin 19 da suka rera a daren, kuma a bakinta aka fara jin waƙar Larabci a tarihin gasar. Waƙar kira ce ga zaman lafiya, an sa ta a bakin yaran duniya masu roƙon rayuwar da babu ƙiyayya a cikinta. A wancan zamani alƙalai ne kaɗai ke ba da maki, kowace ƙasa da nata kwamiti, mafi yawan abin da za a ba waƙa ɗaya shi ne 12. Da aka gama ƙirga, Maroko ta tashi da maki 7, dukkansu daga Italiya, sauran ƙasashe 17 ba su ba ta ko ɗaya ba. Ta zo ta 18, Finlan kaɗai ke bayanta da maki 6, Johnny Logan na Ailan kuma ya lashe da 143.

Akwai wani abu a allon makin daren da nake ganin ya fi matsayi na 18 bayyana gaskiyar al'amarin. Alƙalan Maroko sun ba Turkiyya makinsu 12, Turkiyyar da ta ƙare a matsayi na 15, wato fiye da rabin makinta 23 daga Rabat ya fito. Kunnen da ya saba da kiɗan gabas ya ji daɗin abin da kunnen arewacin Turai ya wuce bai tsaya a kansa ba. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙeta ba, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma alƙali ba ya yaba salon da bai san ma'auninsa ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki makin nan bakwai a ce su ne darajar mawaƙiyar. Samira ta koma Alƙahira da zama, aka san ta da Samira Said, ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin duniyar Larabawa na tsawon shekaru da dama, waƙar da suka yi tare da Cheb Mami na Aljeriya a 2002 kuma ta zagaya ƙasashe.

Maroko ba ta sake komawa ba, har bayan da ta daidaita hulɗa da Isra'ila a Disamban 2020. Labanon ta yi yunƙuri a 2005, ta zaɓi mawaƙiya da waƙa, amma ta janye saboda dokar ƙasar ta hana nuna wasan Isra'ila a talabijin, ƙa'idar gasa kuma ta wajabta a nuna kowa.

Sai dai muryar Afirka ba ta ɓace daga dandalin ba, tuta ce kawai ta sauya. A 1991 Amina, haifaffiyar Tunisiya, ta wakilci Faransa da waƙar da Wasis Diop na Senegal ya sa hannu wajen tsara ta, ta yi kunnen doki da Suwidin a maki 146, aka raba gardama da wata ƙa'ida ta ƙirga, kambin ya tafi Suwidin. Loreen, wadda iyayenta ƴan asalin Maroko ne, ta lashe gasar sau biyu, a 2012 da 2023, amma da sunan Suwidin kuma da Turanci. Ina murna da nasarar waɗannan mata, ina kuma jin zafin cewa baiwar ƴaƴan Afirka takan samu tafi ne bayan ta shiga ƙarƙashin tutar wasu.

Shi ya sa a ganina abin koyi a Eurovision shi ne tsarin da kansa: gidajen talabijin na ƙasashe da yawa su haɗa kai, su nuna shiri ɗaya a dare ɗaya, kowace ƙasa ta saurari maƙwabciyarta har ta ba ta maki. Mu ma muna da tushen da za a gina a kai. Gasar Ɗan Gurmu, wadda ke ɗauke da sunan mawaƙin nan na Adar, an fara ta tun shekarun 1980, ta kuma sha tara mawaƙan jihohin Nijar a nan Tawa, kuma nahiyarmu tana da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin tata, mai mazauni a Dakar. Da Télé Sahel za ta zauna da takwarorinta na Mali da Burkina Faso da Cadi da Najeriya, da sharaɗi ɗaya zan roƙa a saka, wanda Eurovision ta yi aiki da shi daga 1977 zuwa 1998 kafin ta soke shi Turanci ya mamaye dandalin: kowa ya rera da harshen ƙasarsa, ko Hausa ne, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Barbarci.